Ɗakin da Ke Tafiya da Mai Shi: Matafiyi Ne ko Mazauni?

Daga cikin mas'alolin da malaman fiƙihu suka yi saɓani a kansu tun ƙarnonin farko na Musulunci akwai hukuncin mutumin da gidansa yake tafiya tare da shi, wato wanda iyalinsa da tukunyarsa da shimfiɗarsa duk suna cikin abin da yake hawa, ba shi da garin da ya baro yana ɗokin komawa, ba shi kuma da inda ya nufa don ya yada zango na dindindin. Shin irin wannan mutum matafiyi ne, wanda shari'a ta yi wa rangwamen sallar ƙasaru da ajiye azumi, ko kuwa mazauni ne, wanda duk inda dare ya yi masa yana gida? Misalin da magabata suka yi aiki da shi shi ne matuƙin jirgin ruwa mai zama da iyalinsa a cikin jirgi, amma mas'alar ta fi jirgi faɗi, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar abin da yake mayar da wuri gida, da kuma tambayar wane nauyi ne yake sauka daga kan mutum idan ya ɗauki kansa mai wucewa. Yankin Arlit, a arewacin jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, wuri ne da ya dace a auna wannan magana, saboda a nan ne tantin makiyayi da bukkar ɗan cirani da gidan siminti na ma'aikacin haƙar yuraniyom suka yi maƙwabtaka sama da shekara 50.

Sabon salon gida mai tafiya ya fito ne daga Amurka da wasu ƙasashen Turai, inda masu sha'awar aikin hannu suke ƙera wa kansu ƙaramin ɗakin kwana a kan tayoyi biyu, wanda ƙaramar mota take iya ja. Fasalin ɗakin ya daɗe, domin tun a shekarun 1930 da 1940 ake yin irinsa da katako da alminiyom, gabansa a kumbure bayansa a tsuke don kada iska ta tare shi. Abin da ya zo daga baya shi ne ƙera bangon da allunan soso mai tauri, wato wani nau'in roba da ake kira folistirin, wanda ake hura shi a masana'anta har ya zama miliyoyin ƙananan ƙwayoyi rufaffu masu riƙe da iska. Dangin farin abin nan ne da ake tallafe sabon firiji da shi a cikin kwali, sai dai ya fi shi tauri da hana ruwa shiga. Maƙerin yakan fara da gindin ƙarfe mai tayoyi, ya shimfiɗa masa daɓen katako, sannan ya yanka allunan, waɗanda kaurinsu yakan kai santimita 5, da wuƙa ko ƙaramin zarto, ya manna su da irin gam ɗin da ba ya cin soso, yana tsire mahaɗarsu da tsinkayen gora har gam ya kama. Idan ɗakin ya tsaya sai ya goge kusurwoyi su yi laushi, ya hudda fuskar bangon da ƙananan ramuka don gam ya sami wurin riƙewa, ya shafa gam ɗin kafinta, ya ɗora yadin auduga mai kauri, yana binsa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale a ƙarƙashi. Bayan ya bushe sai fenti, shafi uku ko huɗu, na farkon an tsinka shi da ruwa domin ya ratsa saƙar yadin, har yadi da gam da fenti su zama fata guda mai tauri.

Hikimar wannan aiki tana cikin haɗa raunana biyu. Allon soso shi kaɗai yana karyewa idan aka tanƙwara shi, yadi shi kaɗai ba ya tsayuwa, amma idan bango ya so lanƙwasa fuskarsa ta waje dole ta miƙe, yadin da aka manna kuwa ba ya yarda ya miƙe, shi kuma soson yana riƙe fatun biyu nesa da juna. Da yadi mai shan fenti ma aka lulluɓe fikafikan jiragen sama na farko. Sakamakon shi ne ɗaki mara nauyi, mai arha, wanda kuma yake tare zafi, domin ƙarfe ya fi wannan soso wucar da zafi sau fiye da 1,000. Masu yin sa sukan ɗora masa wata falsafa, cewa wanda ya rage kayansa har suka shiga ɗaki ɗaya mai taya ya kuɓuta daga bashin gida da kuɗin haya da ɗaurin wuri guda. A cikin wannan da'awa akwai gaskiya, akwai kuma abin da ta tsallake, kuma mutanen Abzin sun riga kowa sanin ɓangarorin biyu.

Abzinawa suna da tanti iri biyu. A filayen yamma, wajen Azawak, an fi sanin tantin fata, wanda ake yi da gomman fatun awaki da tumaki da aka jeme, aka ɗinke, aka shafe da jar ƙasa da man shanu. A duwatsun Abzin da kewayensu kuwa, wajen ƙabilun Kel Ferwan da Kel Ewey, tantin tabarma ne ya fi yawa: ana kafa gado da farko, sannan a kafa shikashikai, a tanƙwara sanduna daga saiwoyin itatuwan ƙaya su yi baka a sama, a lulluɓe su da manyan tabarmin kaba, a kewaye gindin da asabari, a ɗaure da igiya. Mata ne suke saƙa tabarmin, su suke kafa tantin, su suke kwance shi su ɗora wa jakuna, kuma na mace ne, domin mahaifiyarta da danginta mata suke haɗa mata shi lokacin aure, galibi da wani yanki daga tantin uwar. Namiji baƙo ne a cikinsa. Idan aure ya mutu shi ne yake fita, ita ta naɗe ɗakinta ta koma wajen danginta. Masanin nan na Faransa, Dominique Casajus, ya wallafa littafi sukutum a 1987 a kan matsayin tanti a rayuwar Kel Ferwan. Abin lura shi ne cewa wannan ɗaki, duk da rashin nauyinsa a bayan jaki, cike yake da haƙƙoƙi, domin yana ɗaure da uwa da 'ya, da rijiyar da dangi suka saba shayarwa, da kwarin da suke komawa kowace damina. Dokokin Nijar sun amince da haka: tsarin dokar karkara na 1993 ya san abin da ake kira yankin da makiyayi yake jingina gare shi, wato inda yake shafe mafi yawan shekara kuma yake da fifiko a kan ruwa da ciyawarsa, dokar kiwo ta 2010 kuma ta ɗauki yawon makiyayi a matsayin haƙƙi na asali.

Alƙur'ani mai girma bai ɗauki gida mai tafiya a matsayin naƙasa ba. A aya ta 80 cikin Suratun Nahli, inda ake lissafa ni'imomi, an ambaci gidajen zama a matsayin wurin natsuwa, nan take kuma aka ambaci ɗakunan da ake yi da fatun dabbobi, aka yabe su da sauƙin ɗauka a ranar tashi da ranar sauka, ayar da ke biye kuma ta ambaci inuwa da mafaka a duwatsu da tufafin da ke kare zafi. Duka biyun, na gini da na fata, ni'ima ne. Hadisai ma sun zo ta fuska biyu: a ruwayar Buhari daga Abdullahi ɗan Umar, Manzon Allah (SAW) ya yi masa wasiyya da ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai ratsa hanya, a ruwayar Tirmizi kuma ya kwatanta kansa da mahayin da ya sha inuwar bishiya sannan ya wuce, a wasu ruwayoyin kuwa an lissafa yalwataccen gida da maƙwabci nagari cikin abubuwan jin daɗin mutum. Wanda ya riƙi kashi na farko shi kaɗai zai iya zaton cewa mai ɗaki a kan taya ya fi kowa kusa da zuhudu, wato gudun duniya, alhali zuhudu aikin zuciya ne, kuma ana samun mai kwaɗayi a cikin tanti kamar yadda ake samun mai ƙana'a a cikin soro.

A nan ne tsanakin malaman fiƙihu yake da amfani, domin su ba su tsaya kan yabon tafiya ko yabon zama ba, sun yi ƙoƙarin shata iyaka. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ta mutanen Agadas da Tawa da Damagaram da ƙasar Hausa baki ɗaya, tafiyar da take sa ƙasaru ita ce ta mil 48, kimanin kilomita 80, kuma hukuncin tafiya yana yankewa idan mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku. Game da matuƙin jirgi mai iyali a ciki, Malikiyya suna ganin zai yi ƙasaru, kamar yadda ya zo a Mudawwana ta Sahnun, Shehu Halil ma ya tabbatar da haka a Muhtasar ɗinsa a ƙarni na 14, domin a wurinsu dalilin rangwamen shi ne ratsa ƙasa, kuma wannan mutum yana ratsawa. Hambaliyya sun saɓa: Ibn Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya kawo a Mugni cewa matuƙin da ba shi da wani gida sai jirginsa, iyalinsa da murhunsa suna ciki, ba shi da rangwame, saboda bai rabu da gidansa ba, kuma da an ba shi damar ajiye azumi da babu ranar da zai rama. Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya. Na farko ya dubi wahalar jiki a kan hanya, na biyu ya dubi inda zuciya ta natsu.

Wurin da mas'alar ta fi fitowa fili shi ne babin sallar Juma'a. Malikiyya sun kasa mutane uku: matafiyi, wanda Juma'a ba ta wajaba a kansa ba, mazauni na ɗan lokaci, wanda ya yi niyyar kwana huɗu ko fiye, ko da shekaru ne, amma da nufin tashi wata rana, shi Juma'a ta wajaba a kansa amma ba a ƙirga shi cikin maza 12 da sallar ba ta ƙulluwa sai da su, sai mai istiɗani, wato wanda ya riƙi wurin mazauninsa na har abada, wanda da irinsa ne ake kafa Juma'a. Suka kuma ce ana kafa ta a garin gini, ana kafa ta a ƙauyen bukkokin kara, amma ba a kafa ta a zangon tantuna, ko da tantunan sun fi bukkokin tsada da kyau, domin al'adar tanti tashi ce, al'adar bukka zama ce. Ma'aunin ke nan bai ta'allaƙa da ƙarfin bango ba. Ya ta'allaƙa da niyyar mazauna da ɗaurin da ke tsakaninsu da wurin.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan Arlit sai al'amari ya kife. An fara gano yuraniyom a Nijar a 1957 a Azelik, aka kafa kamfanin SOMAIR a 1968, aka zana garin Arlit a 1969 a kan fili mai duwatsu, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, inda ruwan sama na shekara ba ya kai milimita 100, aka fara fitar da ma'adinin a 1971. An kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a 1978 a ramin Akuta mai zurfin kimanin mita 250, aka gina wa ma'aikatanta garin Akokan, 'yan kilomitoci daga Arlit. Kamfanonin biyu, waɗanda Faransa ta riƙe babban kaso a cikinsu ta hannun kamfanin Cogema, wanda ya koma Areva sannan Orano, sun gina unguwannin ma'aikata da siminti, da famfo da lantarkin da ke zuwa daga tashar kwal ta SONICHAR kusa da Cirozerin, da asibiti da kantin sayayya, gidajen manyan ma'aikata dabam, na lebura dabam. Daɗin da aka ji a shekarun 1970 ya sa ana kiran garin Faris ta biyu, sunan da ya fito a fim ɗin Idrissou Mora-Kpai na 2005. Amma wanda yake cikin irin wannan gida yana cikinsa ne muddin yana aiki. Injiniyan Faransa ya kasance yana ƙirga watannin kwantiraginsa, ma'aikacin da ya zo daga Tawa ko Maraɗi ko Dosso yana tara kuɗi yana gini a garinsu, ko da zai shekara 30 a Arlit. A ma'aunin fiƙihu mazauni ne na ɗan lokaci. Kamfanin kansa ma haka yake, domin ran ramin haƙa yana da iyaka tun ranar da aka fara shi.

A gefen waɗannan unguwanni kuwa wani garin ya tsiro ba tare da an zana shi ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe dabbobin makiyaya, suka gangaro da tantunansu suka kafa a bakin gari suna neman aikin gadi ko dako; 'yan cirani daga kudu suka zo da sana'o'insu, mahauta da maƙera da teloli da masu ga-ruwa. Unguwannin da ake kira Bukkoki sun fara ne da tabarma da kwali da gangunan ƙarfe da aka fasa aka miƙar da tsofaffin tamfol, daga baya wasu suka koma tubalin laka. Da yawa daga mazaunansu sun zo ne da niyyar kaka ɗaya, amma dabbobin ba su dawo ba, gonar kudu ta yi kaɗan, aka haifi 'ya'ya, aka aurar da su, aka binne iyaye a maƙabartar garin, har ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum 80,000 a ƙaramar hukumar Arlit. Waɗannan su ne masu istiɗani na haƙiƙa, waɗanda ba su da wani wurin komawa. Hausawa suna cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, kuma a Arlit mai gidan siminti ne ya zama raɓa. Ibn Haldun ya lura tun a 1377, a Muƙaddimarsa, cewa birnin da wata daula ta gina yakan rushe bayan tafiyarta sai in yana da mutanen karkara a kewaye da ke ci gaba da cika shi. Abin da ya riƙe Arlit bayan faɗuwar farashin yuraniyom a farkon shekarun 1980 ya yi kama da haka, tare da matsayinsa na zango a kan hanyar Aljeriya.

Kayan da talaka ya yi gini da su a wannan wuri su ne suka buɗe wani babin na mas'alar. Duk garin da ke kusa da masana'anta yana cin abin da masana'anta ta zubar, kuma a Arlit bututun ƙarfe da sanduna da faifan ƙarfe da yadudduka masu kauri sun riƙa fitowa daga wuraren aiki zuwa kasuwa, maƙera suna mayar da su ƙyaure da azara da kayan girki. A Disamba 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, wadda aikinta auna haskokin nukiliya ne, ta zo bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man da Almustafa Alhasan ke jagoranta, ta tarar da ƙarafa masu ɗauke da burbushin ma'adinin ana sayar da su a gari. A Nuwamba 2009 Greenpeace ta yi awo a titunan Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun da aka fitar daga rami, ta sami wurin da hasken ya ninka na al'ada har kusan sau 500. Bayan haka kamfanin Areva ya shiga aikin bin tituna da gidaje da na'urar awo. Wannan haske ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ya sauya launin ruwa ko ɗanɗanonsa, saboda haka a babin tsarki irin wannan ƙarfe mai tsarki ne, domin ƙa'idar Malikiyya ita ce duk sandararren abu mara rai mai tsarki ne, kuma sallar da aka yi a ɗakin da aka rufe da shi ingantacciya ce. Hukuncinsa yana wani babin ne, babin cutarwa, wanda tushensa hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa mai hana cuta da ramuwar cuta, da kuma babin ciniki, inda aka wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin haja. Maƙerin da ke bakin kasuwa ba shi da hanyar sanin wannan aibi, matar da ta sayi tukunya ma haka. Nauyin yana kan wanda yake da na'urar awo kuma ya san daga inda ƙarfen ya fito.

Daga nan ake iya ganin iyakar rangwamen matafiyi. Abin da shari'a ta sauƙaƙa masa duk yana cikin abin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa: raka'a huɗu ta koma biyu, azumi ya jinkirta, Juma'a ta faɗi. Babu mazhabar da ta ce tafiya tana sauke bashi, ko tana halatta algus, ko tana ɗauke lamunin abin da mutum ya lalata. Hasali ma hadisai sun yi hani mai tsanani ga ɓata inuwar da mutane ke hutawa da hanyar da suke bi da mashayarsu, waɗanda duk wuraren da mai wucewa ya fi taɓawa ne. Kuskuren da ke cikin falsafar gida mai tafiya, a wajen mutum ɗaya ko a wajen babban kamfani, shi ne zaton cewa wanda ba zai daɗe ba alhakinsa kaɗan ne. Lissafin Akokan ya nuna akasin haka. An rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021 bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 na yuraniyom, ta kuma bar kimanin tan miliyan 20 na dusar ma'adinin, wato niƙaƙƙen dutsen da ya rage bayan an tsame yuraniyom da ruwan asid, wanda mafi yawan hasken da ke cikin dutsen asali yana nan a cikinsa. Daga cikin abubuwan da ke ciki akwai radiyom, wanda sai bayan shekara 1,600 rabinsa yake gushewa, da toriyom, wanda nasa lokacin ya kai shekara 75,000. Zama ne na shekara 43 na haƙa, ya bar abin da zai wuce shekarun duk wani gini da ɗan Adam ya taɓa yi.

Ɗakin soso ma, a ƙaramin matsayinsa, yana fuskantar wannan tambaya. Amfaninsa a ƙasa irin ta Arlit a fili yake, domin duk wanda ya san ɗakin kwano a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 45, ya san darajar bangon da ke tare zafi, kuma dubban masu haƙar zinariya da suka kwarara Jado da Cibarakaten tun 2014 suna kwana ne ƙarƙashin tamfol da buhuna a wurin da ruwan sha ma sai an kawo shi da mota. Amma yana da sharuɗɗa. Soson yana fara lalacewa idan zafin jikinsa ya kai wajen digiri 75, abin da bango mai duhun fenti zai iya kusanta a tsakar rana, don haka farin fenti wajibi ne. Fetur yana narkar da shi, alhali matafiyin sahara ba ya rabuwa da jarkar mai. Wuta tana kama shi da sauri da baƙin hayaƙi mai guba, don haka kurfoti da tukunyar shayi sai a waje. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka shimfiɗa don jigilar yuraniyom kuma ta daɗe da farfashewa, za ta gwada kowace mahaɗa. Mafi muhimmanci shi ne ƙarshensa. Tabarmar kaba idan ta tsufa takan koma shingen awaki, daga nan ta koma ƙasa, fata ma haka, amma folistirin ba ya ruɓewa, yana marmashewa ne iska ta watsa shi, kuma makiyaya sun riga sun san abin da leda take yi a cikin tumbin akuya. Wanda ya ƙera irin wannan ɗaki ya ɗauki alhakin inda gawarsa za ta kwanta, kuma wannan yana cikin farashinsa ko da ba a rubuta a rasit ba.

Akwai kuma bambancin da bai kamata a shafe ba tsakanin wanda ya zaɓi rage kaya da wanda aka raba da kayansa. Kimanin kilomita 200 daga Arlit akwai Asamaka, inda ake zubar da mutanen da aka koro daga Aljeriya a bakin iyaka, su taka kilomita 15 a cikin rairayi kafin su isa gari, daga nan a kawo wasunsu zangon hukumar ƙaura ta duniya a Arlit. Su ma kayansu ba su da nauyi, su ma ba su da haya, amma babu mai hankalin da zai kira halinsu 'yanci ko zuhudu, domin malaman tasawwufi sun sharɗanta cewa gudun duniya sai ga wanda yake da ikon riƙe ta. Alƙur'ani ya ba irin wannan mutum suna da haƙƙi, ya sa ɗan hanya cikin kashi takwas na masu cin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Mai ɗaki a kan taya a Amurka yana da fasfo da asusun banki da titin da wasu suka biya haraji aka gina, kuma da waɗannan ne tafiyarsa ta zama hutu.

Game da asalin saɓanin, ra'ayin Malikiyya ya fi dacewa da direban babbar mota da ke kwana a motarsa tsakanin Arlit da kudu, wanda wahalar hanya ba ta barinsa ko da shimfiɗarsa tana tare da shi, ra'ayin Hambaliyya kuma ya fi bayyana halin makiyayin da ke matsar da tantinsa daga kwari zuwa kwari cikin ƙasar da ya sani, ko da yake shi a Malikiyya ma cika salla yake yi, tunda ƙaurarsa ba ta kai mil 48 a niyya guda. Game da garin kuwa, hukumomin Nijar sun karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga Orano a Yuni 2024, suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025, kuma ƙa'idar fiƙihu ita ce wanda yake cin amfanin abu shi yake ɗaukar lamuninsa, wadda take hawa kan wanda ya ci jiya gwargwadon cinsa, take kuma hawa kan wanda ya karɓa yau. Shirin da aka tsara wa tudun dusar Akokan shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu masu kaurin mita 2, a ci gaba da auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da iskar radon na wasu shekaru. Waɗanda za su zauna kusa da wannan lulluɓi bayan wa'adin awon ya ƙare su ne jikokin mutanen Bukkoki da na makiyayan yankin, don haka su ya kamata a koya wa aikin na'urar, a bar musu ita a hannu, a kuma riƙa karanta musu sakamakon awon da Hausa da Tamashek.